Idan Kotu Ta Gaza: Fina-finan Miyagun Ƙungiyoyi a Idon Mai Kallo na Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a garin Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Sanyinna, ko Kebbe, ya san akwai wani irin fim da ba ya rasa jama'a. Shi ne fim ɗin da ake nuna wani babban mugu mai tarin yara da dukiya, wanda ya saye 'yan sanda, ya saye alƙalai, har ya zama ba a ɗaga yatsa a gari sai da yardarsa. Abin da zai ba mai lura mamaki shi ne yadda 'yan kallo kan ɓarke da sowa idan wannan mugu ya kunyata jami'in hukuma. Su kuwa masu sowar nan 'ya'yan manoma ne da 'ya'yan malamai, waɗanda in aka yi ihun ɓarawo a kasuwa su ne a sahun gaba wajen kora. To me ya sa mutumin da ya ƙi ɓarawo a kasuwa yake yi masa tafi a gidan kallo?

Manufar wannan maƙala ita ce ta amsa wannan tambaya. Za mu duba asalin irin waɗannan fina-finai, da mutanen da ake gina labarinsu a kansu, sa'an nan mu dawo gida mu auna su da abin da mutanen wannan yanki suka sani game da shari'a da rashinta. Ra'ayin da za mu bi shi ne, jigon waɗannan fina-finai gazawar shari'a ne, bindiga da faɗa kuwa ado ne kurum da ake jawo 'yan kallo da shi.

Asalin Abin

Kalmar Mafiya da ake kiran irin waɗannan ƙungiyoyi da ita ba ta da dangantaka da "mafiya" ta Hausa. Suna ne na wasu ƙungiyoyin asiri da suka bayyana a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya cikin ƙarni na 19. A wancan zamani hukuma ta yi wa mutanen karkara nisa, kotu kuma ba ta da ƙarfin da za ta ƙwato wa mutum haƙƙinsa. Sai wasu ƙarfafa suka shiga sayar da tsaro. Mai gonar lemo ko mai garken shanu zai riƙa biyansu wani abu, su kuwa su tsare masa dukiyarsa. Wanda ya ƙi biya, su ɗin ne za su sa a sace masa. Da tafiya ta yi tafiya sai suka koma su ne masu raba gardama, su ne masu karɓo bashi, su ne masu cewa ga wanda za a zaɓa. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mutanen Italiya da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tafi da wannan ɗabi'a. A can ta sami taki lokacin da gwamnati ta haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, domin sayar da ita a ɓoye ya tara wa miyagu dukiyar da ta isa su sayi jami'an gari guda. Mafi shahara a cikinsu shi ne Al Capone na birnin Shikago. Duk da kashe-kashen da aka danganta da shi, hukuma ba ta iya kama shi da laifin kisa ba, don babu mai ƙarfin halin ba da shaida. Da laifin ƙin biyan haraji aka ɗaure shi shekara 11 a 1931. A daidai wannan lokaci ne masu shirya fim suka fara ɗauko labarin irin waɗannan mutane, inda aka fitar da Little Caesar da The Public Enemy a 1931, da Scarface a 1932. Tun a ran nan aka fara gardamar da har yau ba ta mutu ba, watau ko fim yana koya wa yara ta'asa ne ko kuwa yana tona asirinta. Daga 1934 aka tsananta wata ƙa'ida a masana'antar fim ta Amurka wadda ta wajabta cewa kada a nuna mai laifi ya ci riba a ƙarshen labari.

Mutum Uku da Ake Gina Labari a Kansu

Idan aka tsefe kowane fim na wannan rukuni za a tarar da mutum uku a gindinsa: talakan da aka zalunta, da jami'in da ya ci amana, da ubangidan miyagu wanda ya cike gurbin da jami'in ya bari. Babu inda wannan ya fito fili kamar a farkon The Godfather, wanda Francis Ford Coppola ya shirya a 1972 daga littafin Mario Puzo na 1969.

Fim ɗin bai buɗe da harbi ba. Ya buɗe ne da wani mutum mai sana'ar shirya gawa yana kai kuka. Wasu samari biyu sun yi wa 'yarsa dukan kawo wuƙa don ta ƙi ba su kanta. Ya kai ƙara kamar yadda doka ta ce, aka kama su, alƙali ya yanke musu ɗaurin shekara uku amma ya jingine hukuncin, suka fita kotu a ranar suna yi masa murmushi. Daga nan ne ya nufi gidan Vito Corleone, ubangidan wata ƙungiyar Mafiya, yana neman a rama masa. Corleone ya yi masa faɗa a kan me ya sa ya fara zuwa wurin hukuma, sa'an nan ya amsa zai sa a hukunta samarin, bisa sharaɗin cewa wata rana zai nemi mutumin ya yi masa wani aiki. Ranar kuwa ta zo, sa'ad da aka kashe babban ɗan Corleone aka kai masa gawar ya gyara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A lura da tsarin abin. Talaka bai fara da zuwa gidan mugu ba, kotu ya fara zuwa. Da ƙofar kotu ta rufe ne ya ƙwanƙwasa wata. Wannan shi ne sirrin sowar da muka ambata a farko. Mai kallo yana sa kansa ne a matsayin uban yarinyar, don haka duk wanda ya share masa hawaye ya zama gwarzo, ko da kuwa hannunsa dumu-dumu yake da jini.

Mutum na biyu, watau jami'i maciyin amana, shi ne ginshiƙin da ƙungiyar ke tsaye a kai. A fim ɗin an nuna wani babban ɗan sanda da ya zama ɗan rakiyar mai fataucin miyagun ƙwayoyi, an kuma nuna cewa ƙarfin Corleone na haƙiƙa shi ne alƙalai da 'yan siyasar da ke cin abincinsa. Wannan ba ƙage ba ne. A 1973 an yi wani fim mai suna Serpico a kan wani ɗan sanda na gaske a birnin Niyok, Frank Serpico, wanda ya ƙi karɓar rabonsa na hanci, ya tona asirin abokan aikinsa, har aka kafa kwamitin bincike a 1970. Irin wannan fim yana nuna cewa mai gaskiya a cikin ɓatacciyar ma'aikata ya fi mai laifi zama cikin haɗari. A Italiya kuwa, alƙalai biyu da suka jagoranci binciken da ya kai ga gurfanar da 'yan Mafiya fiye da 400 a birnin Palermo a 1986, watau Giovanni Falcone da Paolo Borsellino, duka an kashe su da bam a 1992.

Hanyar da Labarin Ya Biyo Zuwa Ƙasar Hausa

Ba ta Amurka yawancin Hausawa suka fara sanin irin wannan labari ba, ta Indiya ne. Tun daga shekarun 1950 gidajen sinima na manyan biranen Arewa suka rungumi fina-finan Indiya. Mutanen karkara, waɗanda da majigin gwamnati kaɗai suka sani, sun same su daga baya ta kaset ɗin bidiyo, sa'an nan faifai, sa'an nan wayar hannu da ake kai wa masu shago su tura fim a ciki. Da aka fara fassara su da Hausa a Kano, sai shingen harshe ma ya faɗi, tsohuwa a cikin gida ta san abin da jarumi ke faɗa wa alƙali.

Fim biyu sun isa misali. Na farko shi ne Mother India na 1957. Labarin wata manomiya ne da mai ba da bashi da ruwa ya yaudari danginta da takardar da ba su iya karantawa ba, ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gonarsu shekara da shekaru. Dattawan gari sun zauna a kan maganar, amma takarda ta rinjayi gaskiya. Ɗanta ya tashi da wannan ƙullin a zuci har ya shiga daji ya zama ɗan fashi, ya dawo ya kashe azzalumin. Da ya ɗauke 'yar mutumin zai gudu da ita, uwarsa da kanta ta harbe shi. Manomin da ya taɓa cin bashin hatsi da bazara ya biya ninki da kaka ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan fim.

Na biyu shi ne Deewaar na 1975, wanda Amitabh Bachchan da Shashi Kapoor suka fito a matsayin wa da ƙane. An tilasta wa ubansu, shugaban ma'aikata, ya sa hannu a takardar da ta sayar da haƙƙin mutanensa, ya gudu don kunya, aka bar uwa da yara cikin wahala a birnin Bombai. Wan ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, ya ƙi biyan kuɗin da 'yan daba ke karɓa a hannun lebura, daga nan ya zama babban ɗan fasa-ƙwauri. Ƙanen ya zama ɗan sanda. Uwar ta bar gidan mai dukiya ta bi mai albashi, a ƙarshe kuma ƙane ya harbe wa. A nan an raba zuciyar mai kallo gida biyu, tausayinsa yana wajen wan, hankalinsa yana wajen ƙanen.

Kada a ɗauka kuwa baƙi ne suka koya mana wannan jigo. A ƙasar Kabi, ba nisa da Jega da ke maƙwabtaka da Tambuwal, aka yi Muhammadu Gambo na Fagada, mai waƙar ɓarayi, wanda ya rasu a 2016. Mutanen da ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba sun saurari waƙoƙinsa suna dariya, kamar dai yadda ake sowa a gidan kallo, kuma an yi ta gardama a kansa ko zuga ɓarayi yake yi ko fallasa su. A rubutaccen adabi ma, shekarar 1982 ta ba mu Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, labarin Mailoma da ƙungiyarsa ta miyagu, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tona yadda 'yan fasa-ƙwauri ke haɗa baki da ma'aikata. A kudancin Nijeriya kuwa abin ya faru a zahiri. Lawrence Anini, ɗan fashin da ya addabi birnin Binin a 1986, da aka kama shi ya bayyana cewa wani babban jami'in 'yan sanda, George Iyamu, shi ke taimaka musu da makamai da labari. Dukansu an harbe su a 1987.

Abin da Mai Kallo Ya Riga Ya Sani

Ƙasar Tambuwal da Kebbe tana cikin tsakiyar daular da aka kafa da sunan tsayar da adalci. Garin Tambuwal kansa mazaunin Muhammadu Buhari ne, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa miyagun al'adun sarakunan da ya tarar, a ciki har da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai kuka, da karkatar da hukunci zuwa ga wanda ya fi ba da dukiya. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkami don ya nuna wa masu mulki da alƙalai iyakokinsu. Watau mutumin wannan yanki ya gaji ma'aunin da yake auna alƙali da shi tun kafin a ƙirƙiro na'urar ɗaukar hoto mai motsi.

Tsarin shari'ar kansa ya sha canji. Zamanin En'e alƙalai da 'yan doka da gidan yari duk suna ƙarƙashin sarakuna. A 1960 aka fara aiki da kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa. Bayan an ƙirƙiro jihohi a 1967 aka karɓe kotunan daga hannun En'e aka mai da su kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha, aka kuma narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya. A 2000 Jihar Sakkwato ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci har zuwa ga laifuffuka. Suna ya canza sau da yawa, amma tambayar talaka ɗaya ce a kowane zamani: in na kai ƙara, za a saurare ni ba tare da na sayar da akuyata ba?

Mu ɗauki misalin manomin da aka sace wa shanun huɗa biyu ana gab da shuka. Ya kai rahoto, aka ce ya kawo kuɗin mai. Aka kama wanda ake zargi, kafin mako ya zagayo ya gan shi a kasuwa. Aka shiga kotu, yau a ɗaga, gobe a ɗaga, kowane zama kuɗin mota ne da yinin aikin gona. Ana nan sai wani ya raɗa masa cewa akwai mutumin da in aka kai masa rabin kuɗin sa ɗaya, shanun za su kwana a gida. Wannan manomi da mai shirya gawa na fim ɗin Corleone uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Haka kuma makiyayin da aka ci shi tarar da ta fi ɓarnar da dabbobinsa suka yi nesa ba kusa ba, shi ma yana fita kotu da nasa ƙullin.

Wannan ba zancen fatar baki ba ne. Ta'asar 'yan bindigar daji da ta kunno kai a Zamfara wajen 2011 ta bazu har ta taɓa Ƙaramar Hukumar Kebbe, wadda ke iyaka da Zamfara, inda aka sha kai hari ƙauyuka, a kore dabbobi, a sace mutane don neman fansa. Dokta Murtala Ahmed Rufa'i, a laccar da ya gabatar a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, ya sa zalunci da tatsar da makiyaya suka sha a hannun masu riƙe da doka cikin musabbaban fitinar. Kwamitin da Gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Muhammad Dahiru Abubakar, ya zargi wasu sarakuna da hakimai da jami'an tsaro da hannu a ciki. A gabashin Sakkwato kuma, wajen Sabon Birni, an ba da labari a 2021 cewa 'yan bindiga sun ɗora wa ƙauyuka haraji, har sun naɗa nasu masu gari. Mai karatu zai ga mutum ukun nan sun cika: wanda aka zalunta, da jami'in da ya ci amana, da mai bindigar da ya koma shi ne hukuma. Yadda Mafiya ta fara a Sisili ke nan, ba ragi ba ƙari.

Inda Fim Ke Ruɗin Mai Kallo

A nan ne ya wajaba ɗalibi ya yi hattara, domin fim ya faɗi gaskiya a kan cuta amma yakan yi ƙarya a kan magani. Don labari ya yi armashi, sai a ƙawata ubangidan miyagu, a ba shi kunya da cika alkawari da son iyali, a nuna ba ya taɓa mata da yara. Waɗanda ya kashe kuwa ba a nuna mana marayunsu. Wanda ya kwana a daji da goyo a baya don gudun hari, ko ya sayar da gonar gado ya fanshi ɗansa, ya san mai bindiga ba shi da wannan kamala. Mutumin da ya fara da cewa an zalunce shi, da ya ɗanɗani kuɗin fansa sai ya manta da wanda ya zalunce shi, ya koma kan talaka ɗan'uwansa. Haka 'yan sa-kai da suka tashi don kare gari, inda suka koma yanke hukunci a kasuwa ba shaida ba alƙali, sun ƙara wa wutar makamashi. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Fitattun fina-finan ma ba su ɓoye wannan ba ga mai kallo da idon basira. Michael, ɗan Corleone, ya shiga harkar ne don ya kare ubansa, amma a kashi na biyu da ya fito a 1974 ya kai ga sa a kashe wansa da suke ciki ɗaya, ya ƙare shi kaɗai ba mata ba aboki. A fina-finan Indiya biyun nan kuwa, uwa da ƙane ne suka ɗauki bindiga suka kashe nasu. Matsalar ita ce, yaro ɗan shekara goma sha biyar yakan riƙe sa'o'i biyu na isa da ƙasaita, ya manta da minti biyar na ƙarshe.

Wannan tsoro ne ya sa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fina-finan Hausa a 2021. Haka kuma a 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa ta ci wasu tashoshi tarar Naira miliyan 5 kowace saboda nuna shirye-shirye a kan 'yan bindiga. Tsoron yana da dalili, amma hani kaɗai bai isa ba. Wayar hannu ba ta san iyakar jiha ba, kuma waɗanda suka kore shanun Kebbe ba a gidan kallo suka sami dalilinsu ba. Shirin Kwana Casa'in da tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019 ya gwada cewa ana iya tona cin hanci da maguɗin siyasa da harshen Hausa ba tare da an mai da mugu abin sha'awa ba.

Kammalawa

Mun ga cewa fina-finan miyagun ƙungiyoyi, daga Amurka har Indiya, labari ɗaya suke maimaitawa: in kotu ta gaza, wani zai zauna a kujerar alƙali, kuma wanda zai zauna ɗin ya fi alƙalin sharri. Sowar da ake yi a gidan kallo ba son sata ba ce, ƙishin adalci ne da bai sami inda zai sha ba. Saboda haka aikin da ke gaban ɗaliban Hausa, musamman masu sha'awar rubuta wasan kwaikwayo da fim, shi ne su ba da labarin daga ɓangaren da aka saba mantawa. A nuna mana manomin da ya rasa shanunsa, da matar da ke jiran a sako mijinta, da alƙalin ƙauye da aka kai wa rago da dare ya ce a mayar. Irin wannan alƙali yana nan, kuma dattawan kowane gari suna iya kiran sunan ɗaya ko biyu da suka sani. Ranar da ɗan kallo a Tambuwal ko Kebbe ya miƙe ya yi wa wannan mutum tafi, ranar ce za mu ce fim ɗin Hausa ya yi aikinsa. Allah ya ba shugabanninmu ikon tsayar da gaskiya, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.